Ƙofar Harafin Ƙarshe

Duk wanda ya san tashar manyan motoci ta Agadas a da, ya san Alkasum mai fenti, ya kuma san ba ya gama aiki. Ba lalaci ba ne, kada wani ya ɗora wa mamaci abin da bai yi ba. Sai ya hau tsani ya zana wa kamyo, wato babbar mota, sunansa a goshi, haruffa masu ƙiba da ƙafafu, in ya zo kan harafin ƙarshe sai ya bar ƴar kafa faɗin babban yatsa, ya sauko ya wanke pansonsa, burushin fenti ke nan, ya ce a sauka lafiya. Ƙofa yake kiran wannan kafa. Motar da ta shiga hamadar Tenere da ƙofa a sunanta, in ji shi, tana da sauran zance a Agadas, dole ta komo. Ranar da ta komo kuwa, kafin shofer, wato matuƙinta, ya nufi gida, kafin ma ya kai ruwa bakinsa, sai Alkasum ya riƙe masa gwangwanin fenti, shi kuma ya taka ƙarfen gaban mota ya tsoma babban yatsa ya dangwale ƙofar. Tafiya ta ƙare ke nan. In za a sake fita, a kankare wurin da bakin wuƙa. In kuwa mota ta komo ba shofer ɗinta, to Alkasum ke rufewa da kansa, kuma duk tasha ta san ma'anar haka ba sai an yi shela ba.

Malamai sun sha yi masa nasiha. Amsarsa guda ce, shi ba tsafi yake yi ba, Allah ke kai mutum kuma shi ke maido shi, wannan dai haka ya iske ana aikin. Matuƙa kuwa, har masu cika baki wai sun waye, ba ka ganin ɗayansu ya tada inji bai zagayo gaban mota ya saci kallon ƙofarsa ba.

Fulera ce ƴarsa ta fari, ita ta kwashe taurin kansa kaf, ba ta rage wa kowa ba. Ta yi lekol, makarantar boko ke nan, ta je Yamai ta koyi aikin ordinata, wato kwamfuta, ta yi ƴan shekaru tana buga wa mutane takardu a wani ofis. Da aka aika mata cewa hannun tsoho ya fara rawa, sai ta tattaro kayanta ta komo, da wata tsohuwar ordinata da injin ɗaukar hoton takarda. Ta zaunar da shi a zaure, ta tara masa kwalaye, ta ce ya zana mata kowane harafi, babba da ƙarami. Yana zane yana mita, wai an mai da shi ɗan lekol da furfurarsa. Bai ga damina ta gaba ba. Ita kuwa ta zauna da kwalayen nan wata da watanni, tana bin gefen kowane harafi a gilashin ordinata, ɗigo bayan ɗigo, har ranar da ta danna maɓalli hannun ubanta ya fito a kan farar takarda, sai ka ce yanzu ya ajiye panso. Ta yi kuka a ranar, kuka sosai, ba na ɓoye ba.

Haka ɗan shagon nan na bayan masu facin taya ya samu asali. Zubin haruffan ta sa masa suna Hannun Alkasum. Abin da ya fara sayar da shi, haruffan da ke zuwa daga Faransa ba su san da ƙugiyoyin Hausa ba, masu ɗab'i sai su bi takarda da alƙalamin bik suna maƙala wa kowane harafi tasa, aiki ya fito kamar kaji sun yi tono. Na Fulera kuwa komai na ciki. Wani mai ɗab'i na Damagaram ya fara saye, aka saka masa zubin a kile, ƴar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinata, aka ba motar haya ta kai masa. Na Tawa ya gani a wurinsa, na Maraɗi ya gani a wurin na Tawa. Wasu suka saya, wasu marasa kunya suka kwafa a ɓoye, ta yi musu Allah ya isa ta ƙyale su. Ta ƙara wani siririn zubi na littattafan yara, ta zauna da wata tsohuwa ƴar Abzin ta zuba na rubutunsu. Da aiki ya fi ƙarfin mutum guda sai ta jawo Lukumanu, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, wani ƙato mai tumbi da ya baro Arlit hannu wofi, ta ɗora shi kan injin da ke yanka haruffa a leda mai manne. Suka fasa bango, ɗaki ɗaya ya zama biyu.

Ƙofar kuwa ba ta yar da ita ba. Ta koya wa zubin cewa duk inda rubutu ya tsaya, harafin ƙarshe ya fito da ƴar kafarsa. Mutumin Damagaram ya bugo waya ya ce, "Madam, harafinku na da pan, ya samu matsala, ƙarshensa ba ya haɗuwa."

"Ba pan ba ne," in ji ta. "Gado ne. In ba ka so, maido mini kayana."

Bai maido ba. Har ta kai mutane na neman zubin don kafar kanta, wai ado ce.

Sai shekarar nan ta zo, wadda sojoji suka sake karɓe mulki a Yamai, damina kuma ta riga ta ci amanar kowa. Makiyaya suka cika bakin gari da dabbobin da ba sa iya tashi sai an ɗaga su, tunkiya ta koma ba ta kai tiyar hatsi ba. Abin da ke ci wa Fulera rai, a wannan shekarar ce shagonta ya fi samun aiki. Masu rabon agaji na son rubutu a buhuna da allunan wuraren auna yara, da Hausa da harshen Abzinawa. Bariki na son tutocin yadi masu cewa kowa ya kwantar da hankalinsa. In kuran, wato lantarki, ya ɗauke su zauna suna fifita, ya komo inji ya ci gaba da kuka. A cikin haka ta sayo wani sabon inji mai shimfiɗa leda shara-shara a kan rubutu, garau kamar gilashi, don kada rana da rairayi su cinye shi. Ta ce ba wanda za a fara yi wa sai Illiya.

Illiya ƙanenta ne, autan Inna Indo, kuma ita Fulera ce ta goye shi. Yana jan kamyon Elhaji Shaibu zuwa Dirku da Segedin, wani lokaci har bakin iyakar Libiya. Sunan motar ƊAN INDO, ubansu ne ya zana tun tana sabuwa, fentin duk ya koɗe ya yi ɓawo. Lukumanu ya kankare shi tas, ya manna sababbin haruffa ja, ya bi su da ledar nan daga wannan gefe zuwa wancan, ya murje har ba ka gane inda ta tsaya. O ɗin ƙarshe ya fito kamar awarwaro, bakinsa a buɗe ta sama.

Illiya ya ja da baya yana kallo, hannu a ƙugu. "Yaya, wanga ai ya fi na Baba sheƙi."

"Rufe mini baki. Na Baban ne, wanka kawai na yi masa."

"Ba abin da zai taɓa shi," in ji Lukumanu. "Kai za ka tsufa, sunan uwarka na nan yana yarinta."

"Kai dai ka rage cin tuwon mutane kafin in komo. Ana yunwa a ƙasa, tumbinka kaɗai bai samu labari ba."

Illiya ya ce a ajiye masa jan fenti. Washegari ya bi ayarin motocin da sojoji ke rakawa, ya ɗauki hatsi, a saman hatsin kuma mutane, galibinsu makiyayan da garkensu ya ƙare, za su neman aikin ƙarfi a Libiya.

Ayari ya komo ba shi. Aka ce a Segedin ya rabu da su zai ƙarasa da mutanensa gaba, bayan fitarsa kuma iska ta taso ta yi kwanaki tana binne alamun hanya. Makonni suka wuce. Sannan wani ajidan na soja ya zo gidan Elhaji Shaibu, aka aika Fulera ta zo. Masu sintiri sun ga motar, in ji shi, nesa da hanya, ta nutse a rairayi har ciki. A gefenta tulin baƙar toka. Sun ƙone tayoyin ajiya ɗaya bayan ɗaya ko wani zai hango hayaƙi, har man inji sun tsiyaye sun zuba a wutar. Waɗanda aka iske kwance a ƙarƙashin motar an yi musu sutura a wurin. Illiya ba ya cikinsu. Akwai dai sawun mutum guda da ya yi gabas, ba a bi shi da nisa ba ya ɓace.

"Kun ji ko," in ji Fulera. "Ba ya cikinsu. Neman rijiya ya tafi. Yaron nan ya san yankin Kawar kamar tsakar gidanmu."

Ajidan ya dubi hularsa da ke kan gwiwarsa.

Ta riƙe wannan magana hannu bibbiyu. Wataƙila Tubawa masu raƙuma sun tsince shi. Wataƙila wata mota ta wuce da shi Libiya, yana kwance a wani asibiti ba takarda ba waya. An taɓa yi, ta ce, kuma gaskiya ne an taɓa yi. Ta buga hotonsa da sunansa a takardu, da hannun ubansu, ta ba duk motar da za ta arewa a liƙa mata a Dirku da Segedin.

Elhaji Shaibu ya sa aka jawo kamyon, aka ajiye shi can ƙarshen tasha kusa da katanga. Rairayi ya ci jikinsa har farin ƙarfe, gilashi ya dushe, amma sunan nan na goshi yana sheƙi sai ka ce jiya aka manna. Masu gyara suka shiga suka fita, inji ya tashi. Nan kuma magana ta tsaya, don ba shofer ɗin da ya yarda ya hau. Elhaji ya tako da kansa har shago, dattijo ne mai kunya, ya daɗe yana gaisuwa kafin ya zo kan zance.

"Ɗiyata, mota ta gyaru, amma kowa ya ce tana kan tafiya. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, in irin haka ta faru shi ke rufewa. Yanzu ke ce a wurinsa."

"In shofer ya mutu ke nan, Elhaji. Wa ya ga gawar Illiya?"

"Ba wanda ya gani."

"To ni ba zan kashe shi da hannuna ba."

Elhaji ya ce zai jira, ya tashi. A gida ma ba ta tsira ba. Inna Indo ba ta yi mata faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Fulera, mutane na zuwa su tsaya a zaure, ba su san gaisuwar da za su yi mini ba. Ni ma ban san addu'ar da zan yi masa ba, ta mai rai ko ta wanda ya riga mu." Fulera ta ce ta mai rai mana, ta fice. Ni ban ga laifinta ba, ita ta goye shi.

Kullum bayan azahar takan je ta goge sunan da gefen mayafinta. Wata rana ta iske baƙin dangwale a kan ƙofar, daidai inda bakin O ya buɗe. Bai zauna ba, ya zuraro ƙasa kamar kwalli ya bi hawaye. Ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta sa aka kawo mata tsani ta goge shi tas, sannan ta bi tasha rumfa rumfa, masu gyara da ƴan apranti masu koyon aiki da masu shayi, ba wanda ta bari. Kowa ya rantse. Washegari da safe wuri fes, bayan azahar ga baƙin nan ya komo. Ta goge. Ya sake komowa, ta sake gogewa. Har gaban Elhaji ta je ta ce in yana son motarsa ya fito fili, ya bar aika mutane a ɓoye. Dattijon ya dube ta ya ce, "Ni? Subhanallahi. Ko kusa da ita ba na iya zuwa, ɗiyata."

Sai ta ce to za ta kama ɓarawon da idonta. Tun hantsi ta ja benci ta zauna a ɗan inuwar katanga, ta sa motar a gaba.

Wanda bai san tsakar ranar bazara a Agadas ba, ba zai gane ba. Tasha da ke cike da ihu sai ta mutu murus. Masu shayi su kife kofuna, awaki su shige ƙarƙashin motoci, iyaye su tsare yara a ɗaki, don an san lokacin ba na mutane ba ne. Fulera ta zauna ita kaɗai, zufa na bin bayanta, inuwar katanga na janyewa har ta bar ƙafafunta a rana. Ba kowa. Daga inda take har motar fili ne fetal, ko kyanwa ta gitta sai ta gani.

Wari ne ya fara isowa, warin ƙonanniyar taya. Ta waiga wajen masu faci, ba hayaƙi, rumfarsu a rufe. Ƙudajen da suka dame ta tun safe ta neme su ta rasa. Sai gaban kamyon ya yi wata ƴar ƙara, ya sunkuya kaɗan, yadda yake yi in mutum ya taka ƙarfen gaba ya hau. Tana kallo, idonta biyu, baƙi ya fito a kan ƙofar, faɗin babban yatsa. Ya tsaya kamar zai zauna, sannan ya zuraro. Wani ya sake fitowa a wurin, shi ma ya zuraro. Aka sake. Ba da hanzari ba, a hankali, irin na mutumin da ya gaji amma bai da niyyar fasawa. Ta so ta yi salati, ta kasa. Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Daga baya ƙarfen ya sake ƙara, gaban motar ya ɗago, can nesa ladan ya fara kiran azahar.

A nan Lukumanu ya iske ta, ba ta motsa ba. Ya buɗe baki zai yi mata tsiya, ya ga fuskarta ya fasa. Ta nuna masa motar da haɓa. A ƙasan ƙarfen gaba akwai ɗan tulin rairayi fari, mai laushi, ba irin jar ƙasar tasha ba. Ya hau tsani ya lakato baƙin, ya murza, ya sansana.

"Tokar taya ce," ya ce. "Da tsohon man inji."

Ya daɗe a saman tsanin yana shafa ledar da tafin hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"Ba abin da ke kama ledar nan, Fulera. Ko fenti, ko mai. Don haka muka saye ta."

Nan ne abin ya faɗo mata gaba ɗaya. Sun bar masa ƙofa, sannan suka bi ta da gilashi, don ƙauna, don kada rairayi ya taɓa sunan uwarsa. Ya komo, ya rasa mai riƙe masa gwangwani, ya zo da abin da ya rage a yatsansa. Ita kuma kullum tana zuwa da mayafi tana goge ɗan abin da ya bari, tana zagin mutanen da ba su ji ba su gani ba. Ta san ya mutu. Baƙin ciki ya danne ta har ta kasa kuka.

Lukumanu ya ce bari ya ɗauko reza yanzu ya yanke ledar. Ta riƙe masa riga.

"Kada ka taɓa."

"Fulera, ki ji tsoron Allah."

"In bai kama ba, gobe ma zai zo."

Abin da ta faɗa ke nan, kuma abin da ta yi ke nan. Ba ta gaya wa Inna ba. Ta bar aiki a hannun Lukumanu, buhunan agaji suka taru, mutumin Damagaram ya yi ta bugo waya ba a ɗauka. Rana na take tsaka za ka gan ta a bencin nan. Tsoron ya ragu, ko kuwa ta saba da shi. In warin ya iso, motar ta sunkuya, sai ta shiga ba shi labari. Ta gaya masa Inna na nan lafiya sai ciwon ƙafa, ta gaya masa an ga hadari wajen Abzin amma bai zubo ba, ta gaya masa tumbin Lukumanu ya fara sacewa. Ba a amsa mata. Baƙi dai na fitowa yana zurarowa, ita kuma tana jin daɗin zaman, wannan ita ce gaskiyar magana, kuma tana jin kunyar daɗin.

Ta fara zuwa masa da ruwa. Takan ɗebo daga randar Inna mai sanyi a kwanon sha, ta rufe da faifai, ta ajiye a ƙasa kusa da tayar gaba. In an kira azahar ta buɗe, ruwa na nan yadda ta zuba shi. Ta canza kwano. Ta jiƙa masa fura. Ba a taɓa ba. Ran nan tana tsugune tana kallon kwanon, sai ta tuna abin da ta sha gani tun tana ƙarama a gindin tsanin ubanta: matuƙa sun fito daga Tenere leɓuna a tsage, ido ya faɗa, ga mai ruwa tsaye da moɗa a gefensu, amma ba mai miƙa hannu. Suna jira tsoho ya ɓalle murfin gwangwani. Shofer ba ya shan ruwan Agadas sai ya rufe ƙofarsa. Illiya kuwa ɗan Alkasum ne, ko kowa ya karya wannan, ban da shi.

Da ƙishirwar da ta kashe shi yake zuwa kullum, ya tsaya a rana, ruwa na gabansa, ita kuma tana zaune a inuwa tana ba shi labarin hadari.

Washegari da hantsi ta hau tsani da kanta. Ta sa bakin reza ta yanke ledar daidai ƙofar, ta ɓare, ta kankare manne har ƙarfe ya fito. Lukumanu ya kawo jan fentin da aka ajiye, ya ɓalle murfi, ya juya shi da tsinke, ya miƙa mata. Ya ce zai tsaya. Ta ce a'a, aikin gidansu ne. Ya tafi yana waiwaye. Ta ajiye kwanon ruwa a inda ta saba, ta koma kan tsanin, ta riƙe gwangwanin da hannu biyu a daidai ƙirjinta, yadda tsoho ke yi.

Tasha ta yi tsit. Warin ya zo. Motar ta sunkuya, har tsanin ya ɗan girgiza. Wani zafi ya tsaya a gefenta na dama, busasshe, kamar ta kusanci bakin tanda. Gwangwanin ya yi nauyi ta gefe guda, ta ga fuskar fentin ta lotsa a tsakiya, rami faɗin yatsa. Hannunta ya ja baya da kansa, ba ta sa shi ba.

"Illiya," ta ce. "In ka rufe..."

Ba ta iya ƙarasawa ba. Ramin ya tsaya a cikin fentin, bai ƙara nutsewa ba, bai kuma cike ba. Jiran ta yake yi. Haka yake tun yana yaro, in ta ce tsaya sai ya tsaya, ko da abin na bakinsa. Ta gane in ta ce kada ya rufe, ba zai rufe ba, zai sauka ya koma cikin ranar nan, gobe ya sake zuwa. Hawaye na zuba a kan hannuwanta, ta miƙa gwangwanin gaba.

"Rufe, auta. Bismillah."

Ramin ya nutse, ya cike. Ja ya fito a kan ƙofar, ya haɗa bakin O gefe da gefe. Ta zuba masa ido tana jiran ya zuraro. Bai zuraro ba, ya zauna daram, har ana ganin zanen yatsa a cikinsa. Motar ta ɗago a hankali, zafin ya bar gefenta.

"Sannu da zuwa," ta ce. "Ga ruwa nan, ka sha."

Ta sauko, ba ta dubi ƙasa ba. Ta bi lungunan tsohon gari a cikin ranar, gwangwanin na hannunta a buɗe, ta manta ma tana riƙe da shi, fenti na ɗiga a zanenta. Ta iske Inna Indo zaune a ƙofar ɗaki tana tsince tsakuwa a hatsi.

"Inna, Illiya ya iso."

Tsohuwa ta ɗago da sauri har faifan ya kife. Ta dubi zaure ta bayan Fulera, ta daɗe tana duba, ba wanda ya shigo. Sannan idonta ya sauko kan gwangwanin. Matar mai fenti ce, ba ta tambayi komai ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fara fito da tabarmi tana shimfiɗawa a inuwa domin masu zuwa ta'aziyya. Fulera ta ajiye gwangwanin ta kama mata ɗaya gefen.